Fizgar Shirwa da Kwanciyar Gansakuka

Duk wanda ya tsaya da hantsi a wajen abbatuwar Kano ya ɗaga kai, da wuya ya rasa shirwa tana shawagi. Ba ta cika kaɗa fiffike ba, iska take hawa, tana murza wutsiyarta mai baki biyu hagu da dama, idonta na ƙasa. Da ta hango tsokar da ta faɗi ko ɗan tsakon da ya yi nisa da uwarsa, sai ta sulmiyo ta sure shi da ƙafa ba tare da ta sauka ba, kafin a ɗaga murya ta yi sama. Abin yana burge kowa. Ƙannena da ke neman na kanku a Kasuwar Singa, yaran shago da masu dako da 'yan kamasho, da ku 'yan matan da ke sarin kaya kuna tallatawa a waya, wannan fizgar ita ce ta zama siffar nasara a zukatan da yawa daga cikinku. Hirar bakin sito ba ta wuce wane ya buga harka ɗaya ya sayi mota, wane ya kwana ba ko sisi ya tashi da alat na miliyoyi. Ina so in ajiye muku wata halitta kusa da shirwa, wadda ba ta da fiffike, ba ta da farce, ko saiwa ma ba ta da ita, mu auna su biyun da ma'aunin da kowane ɗan kasuwa ya sani, wato me ya rage bayan an rufe littafi.

Halittar ita ce gansakukar fadama, wadda masana tsirrai ke kira Sifagnum. Ta bambanta da koren nan mai santsi da muke gani a kan kududdufi ko a bakin rijiya. Ɗan ƙaramin tsiro ne da ya fi yawa a ƙasashen sanyi masu yawan ruwa, irin su Sikotland da Ayaland da Kanada da Saberiya ta ƙasar Rasha, kuma irinta ya haura ɗari uku, akwai kore, akwai ja, akwai mai ruwan ƙasa. Tun da ba ta da saiwa, ruwan sama da ɗan abin da ya zo da shi ne abincinta. Yawancin ganyenta ƙananan ɗakuna ne fanko masu ƙofofi, waɗanda ke riƙe ruwa har wajen ninki ashirin na nauyinta a bushe; in ka damƙi dunƙule guda ka matse, ruwa zai yi ta tsiyaya ta tsakanin yatsunka, ka sake ta kuma ta koma ta sha. Sili ɗaya ba ya iya tsayuwa da kansa, sai sun cunkushe dubbai, kowanne ya jingina da na kusa da shi, ruwan ya maƙale a tsakaninsu. Ta sama take girma, ƙasanta yana mutuwa. Sai dai abin da ya mutu ba ya ruɓewa duka, domin takan mayar da ruwan da ke kewaye da ita mai tsami, ga shi iska ba ta shiga, ƙwayoyin da ke ruɓar da abu sai su kasa aiki. Haka na bana yake kwanciya a kan na bara, ya danne, ya zama baƙar ƙasa mai laushi. Abin da ke ƙaruwa a shekara kusan milimita 1 ne, bai kai kaurin ƙwayar gero ba, wato mita 1 sai an yi shekara 1,000. Amma a arewacin Sikotland akwai fadamar da zurfin wannan ƙasa ya kai mita 10 a wasu wurare, har hukumar UNESCO ta sa ta cikin wuraren gadon duniya a 2024. Fadamun irin wannan ƙasa kusan kashi 3 cikin 100 ne kawai na doron ƙasa, amma sinadarin kabon da suka adana ya fi na dukkan dazuzzukan duniya in an haɗa. A Yaƙin Duniya na Ɗaya, da auduga ta yi ƙaranci, da busasshiyar gansakukar nan aka riƙa ɗaure raunukan sojoji, saboda shan ruwanta da kuma tsaminta da ke hana ciwo ruɓewa.

Mu koma kan shirwa da danginta, shaho da gaggafa da mikiya. Bajintarsu ba abin musu ba ce. Akwai shahon da in ya naɗe fiffike ya sako kansa daga sama gudunsa yakan haura kilomita 300 a awa, babu dabbar da ta kamo shi. Abin da mai kallo ba ya gani shi ne lissafin da ke bayan bajintar. Tun 1942 wani masani ɗan Amurka mai suna Raymond Lindeman ya fito da bayanin da ɗaliban kimiyya ke karantawa har yau, cewa a kowane mataki na ci, daga ciyawa zuwa mai cin ciyawa zuwa mai cin nama, ɗan kaɗan ne na ƙarfin abincin ke hayewa sama, kusan kashi 10 cikin 100. A ƙaddara ciyawa awo dubu ce: za ta riƙe fara awo ɗari, fara ta riƙe ƙadangaru awo goma, ƙadangaru su riƙe shaho awo ɗaya. Shi ya sa manomi ke ganin jan-baki dubbai sun rufe gonarsa, amma shaho ɗaya ne ko biyu a samansu. Can ƙololuwa wuri ne mai ƙunci. Fiye da rabin 'ya'yan shaho ba sa ganin ƙarshen shekararsu ta farko, yawanci yunwa ce da rashin ƙwarewa ke kashe su. Wanda ya tsira ma sau da yawa yakan kai hari ya tashi a tutar babu, kuma abin da ya kama yau ba zai kai shi mako ba. Mu dai ranar da ya kama muke gani.

Bayan ƙunci kuma akwai rauni. Mai cin wasu yakan tara duk dafin da suka ci. A shekarun 1950 da 1960 maganin ƙwarin nan DDT ya bi ta jikin ƙwari zuwa ƙananan tsuntsaye, ya taru a jikin shaho, ɓawon ƙwansa ya yi laushi yana fashewa a ƙarƙashin uwar, har ya kusa ƙarewa a Amurka da Turai kafin Amurka ta hana maganin a 1972. A yankinmu ma wani Bafaranshe, Jean-Marc Thiollay, ya ƙirga tsuntsaye masu farauta a kan hanyoyin Nijar da Mali da Burkina Faso tsakanin 1969 da 1973, ya koma ya bi hanyoyin bayan shekara talatin, ya tarar manyan ungulaye sun ragu da kusan kashi 98 cikin 100 a wajen gandun dajin da ake tsaro. Ba ma sai an je nesa ba: ku tambayi iyayenku yadda ungulu take cika mahautun Kano a da, ku duba yau. Laifin wannan namu ne mu mutane, da guba da sare itatuwa da cinikin sassan jikinsu, kuma asara ce babba, domin su ne masu kwashe mushe kafin ya zama cuta. Kada wani ya fahimci ina zagin tsuntsun da Allah Ya halitta a kan aikinsa. Abin da nake nunawa kawai shi ne wanda rayuwarsa ta rataya a kan abin da zai ɗauka daga wasu, shi ne farkon faɗuwa in ƙasa ta girgiza.

Kasuwa ma haka lissafinta yake. Kuɗin fizga daga aljihun wani yake fitowa, kuma kafin mutum ɗaya ya ci sai mutane da yawa sun zuba. Harkar ninka kuɗin nan ta MMM ta yi alkawarin ribar kashi 30 cikin 100 duk wata. Ku ɗauki biro: naira 100,000 a kan wannan alkawari za ta haura naira miliyan 2 a shekara ɗaya. Wane buhun sukari ne, wace tirelar fulawa ce ke haifar da haka? Babu. Kuɗin na baya ake bai wa na gaba, shi ya sa a Disambar 2016 ta rufe asusun mutane, miliyoyin 'yan Najeriya suka ɗora hannu a ka. Ba a yi shekara goma ba CBEX ta zo da alkawarin ninka kuɗi cikin wata guda, ta rushe a Afrilun 2025, aka sake kuka iri ɗaya. Shagunan cacar ƙwallo ma a kan wannan ƙa'ida suka tsaya: da masu ci sun fi masu faɗuwa yawa, da tuni sun rufe. Matashin da ya shiga irin wannan harka yana ɗauka shi ne shirwa, alhali a lissafin masu harkar shi ne ɗan tsakon. Akwai kuma wata fizgar da ta fi wannan kusa da mu. Manoma sun san in an sa wuta a daji shirwa takan taru a bakin hayaƙi tana cafke farar da ke gudun wuta. A watan Fabrairun 2023, lokacin canjin kuɗi, mun ga masu sayar wa mutane da nairarsu a kan la'ada mai tsanani, mai jego da majinyaci na layi. Sun samu a makonnin nan, babu shakka. Amma wutar ta mutu, takardar kuɗi ta dawo, unguwa kuma ba ta manta wanda ya tausaya da wanda ya matse ba.

To mene ne gansakuka a Singa? Ku dubi yadda babban ɗan sari yake cin riba. A kan katan ɗin taliya ko na sabulu abin da yake ɗorawa kaɗan ne, wani lokaci ma har ka yi mamakin yadda yake biyan hayar shago. Sirrin yana cikin juyi: kaya su shigo da safe, a-kori-kura ta kwashe su kafin la'asar zuwa Bichi ko Gumel ko Daura, wasu su tsallaka har Damagaram da Maraɗi, gobe a sake. Da yayyafi kogi kan cika. Kuma ba kuɗi kaɗai ke kwanciya a ƙarƙashinsa ba. Akwai mai kanti a ƙauye da ya shekara goma yana turo kuɗi a loda masa kaya bai zo ba, saboda bai taɓa buɗe katan ya ga algus ba. Akwai kamfanin da ke sauke masa tirela ya biya daga baya. Akwai sanin kaya, wanda ba a koyarwa a aji: wace shinkafa ce ke tafiya da azumi, wane mai ne ke daskarewa da sanyin hunturu, wane kwastoma ne ake bai wa bashi, wane ne ake ba shi haƙuri. Waɗannan su ne milimita ɗaya ta kowace shekara. Ba a ɗaukar su hoto a sa a waya, amma su ne ke tashin mutum in ya faɗi. Singa ta sha gobara ba sau ɗaya ba, maƙwabciyarta kasuwar Sabon Gari kuma ta yi asarar dubban shaguna a gobarar Maris ta 2016. Bayan irin wannan musiba, wanda aka sani da biyan bashi yakan sami mai ba shi kaya ya juya, domin wuta ba ta cin suna. Kuma kamar yadda silin gansakuka ba ya tsayuwa shi kaɗai, adashi da ƙungiyar 'yan layi da maƙwabcin da zai ara maka katan goma ka sallami kwastoma duk suna cikin jarinka.

Sunan da aka fi kira in ana zancen arziki a Kano ma shaida ne. An haifi Alhassan Ɗantata a Bebeji a 1877, ya rasa mahaifinsa yana yaro, ya yi fataucin goro tsakanin Kano da ƙasar Gwanja, ya shiga sayen gyaɗa bayan jirgin ƙasa ya iso Kano. Labarin da kowa ke so shi ne na 1929, ranar da ya kai kuɗin azurfa lodin raƙuma 20 bankin Turawa da aka buɗe a Kano. A ranar yana da shekara hamsin da ɗoriya. Masu ba da labarin sukan tsallake shekaru talatin da wani abu na tafiya da ƙididdiga da riƙon amana da suka loda raƙuman, alhali su ne labarin. Abin da ya kwantar kuwa bai tafi da shi ba da ya rasu a 1955, zuriyarsa na tsaye a kai har yau.

Na san abin da mai hankali a cikinku zai ce: Yaya, wannan nasihar zamanin da kuɗi ke da daraja ce. A watan Mayun 2023 dala ba ta kai naira 500 ba a farashin gwamnati, kafin ƙarshen Fabrairun 2024 ta haura 1,500, hauhawar farashi kuma ta wuce kashi 34 cikin 100 a ƙarshen 2024. Wanda ya ce zai tara sannu a hankali, tsada za ta cinye tarin kafin ya kai ko'ina. Wannan magana gaskiya ce, kuma duk dattijon da ya ce ku yi ta cusa takarda a asusu ku jira bai yi muku adalci ba. Amma ku sake duban gansakukar: samanta kullum a raye yake yana tsiro, ba ta taɓa zama ba aiki ba. Kwanciyar da nake nufi ta jari ce mai juyawa. Wanda kuɗinsa ke cikin kaya yana saye yana sayarwa, farashin kayansa na tashi tare da kasuwa, in dai ya koyi yin lissafi da kuɗin da zai sake saro kayan, ba da wanda ya saro su jiya ba. Yawancin ƙananan jarin da suka narke a shekarun nan a nan suka narke: mutum ya sayar ya ga riba a takarda, ya ci ribar, ya koma sari ya tarar kuɗin ba su kai rabin kayan da ya saba ɗauka ba. Sannan sana'ar hannu da sanin kaya da yardar mutane ba sa faɗuwa in naira ta faɗi. Tsada hujja ce ta ƙara kula da littafi, ba ta taɓa zama hujjar miƙa jari ga wanda ba ka san me yake sayarwa ba.

Wani zai ce ai zafin nama ma ana buƙatarsa, kuma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da tsuntsu ya ba da misalin dogaro ga Allah, mai fita da safe da yunwa ya dawo da yamma a ƙoshe. Haka ne, kuma ku ɗauki wannan daga shirwa da hannu biyu: sammako, da kaifin ido, da yanke shawara in dama ta zo. Ɗan kasuwar da ya ji farashi ya motsa a Legas ya yi nawa, wani zai riga shi. Abin da nake hana ku shi ne ku gina rayuwa a kan sura.

Akwai kuma mai murguɗa maganar ta ɗaya gefen, ya ce tun da tarawa ce abin yabo, bari ya cika sito da abinci ya kulle har farashi ya ninka. Wannan ɓoye kaya ne, addini ya haramta shi, kuma a Fabrairun 2024 hukumar karɓar ƙorafi da yaƙi da cin hanci ta jihar Kano ta rufe wasu rumbuna a kasuwar Dawanau a kan zarginsa. Fadamar gansakuka tana riƙe ruwan sama ne ta rage wa na ƙasa da ita ambaliya. Mai ɓoye abinci kuwa jiran yunwar mutane yake, wato fizga ce ita ma, sai dai mai dogon numfashi.

Ƙorafin da ya fi nauyi a wurina shi ne na yaron shago da ya shekara goma sha yana buɗewa yana rufewa, ya san kowane kwastoma da kowane farashi, amma har yau ba a yi masa zancen sallama ba, in ya motsa a ce ya yi haƙuri. Irin wannan yaron ne ke fara sauraron masu ninka kuɗi, kuma ban ga laifinsa duka ba. Iyayen gida su ji tsoron Allah: haƙurin da ba shi da wa'adi zalunci ne da aka sa wa suna mai kyau. Abin da gansakuka ta kwantar a ƙarƙashinta yake kwanciya, shi yake ɗaga ta. In shekarunka a ƙarƙashin wani kaɗai suke taruwa, to akwai gyara. Maƙwabtanmu Inyamurai na Sabon Gari sun daɗe da tsarin da yaro ke shiga hannun ubangida a kan shekaru sanannu, in ya cika a ba shi jari ya buɗe nasa, kuma ba abin kunya ba ne mu koya. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, cikin suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Don haka ƙanena, ka sami maigidanka cikin ladabi, da wani babba da yake jin nauyinsa, a yi magana a fili: shekara nawa, me za a ware maka, yaushe za ka fara juya ɗan naka a gefe da saninsa. A rubuta, a sa hannu. In ya ƙi har abada, ka nemi wani ubangidan da sunanka mai kyau, kada ka rama da hannu a aljihun shago, domin a ranar ka zubar da abu ɗaya tak da ka tara.

Wannan tarin kuwa yana da saurin lalacewa. Fadamun irin na gansakuka da ke kewaye da birnin Masko an janye musu ruwa tun zamanin Tarayyar Sobiyet don a haƙi ƙasar a yi makamashi. Da zafi ya tsananta a 2010 sai busasshiyar ƙasar ta kama wuta, tana ci ta ƙarƙashi inda ruwan 'yan kwana-kwana ba ya kaiwa, hayaƙi ya turnuƙe birnin kwanaki da dama. Abin da aka yi dubban shekaru ana kwantarwa ya tafi cikin makonni. Amana ita ce ruwan da ke riƙe da naku tarin. Katan ɗaya da aka canja wa kwanan wata, buhu ɗaya da aka farke aka rage aka ɗinke, alat ɗaya na bogi, sun isa, kuma labarin yakan riga ka isa layukan da ba ka taɓa shiga ba.

Saboda haka ku sayi littafi, ko na naira kaɗan ne, ku riƙa rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita kowace rana, ku raba uwar kuɗi da riba, kada ku ci daga uwar. In shekara ta zagayo ku ƙirga katan nawa jarinku ke ɗauka yanzu a kan na bara, mutum nawa ne ke kiran ku kai tsaye in suna son kaya, wa zai ba ku bashi ba tare da jingina ba. Ranar da kuma wani ya turo muku wata harka a waya yana cewa ku yi sauri kafin a rufe, ku yi masa tambaya uku: me ake saya, wa ake sayar wa, daga aljihun wa ribar ke fitowa. In ya kasa ba ku amsar da za ku iya maimaita wa mahaifiyarku ta gane, ku riƙe kuɗinku. Allah Ya sa albarka a nemanku.